ATM Ya Cire Kuɗi Bai Bayar Ba: Amsoshin Wasiƙunku

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan karon yawancinsu kuka ɗaya suke yi: an sa kati a ATM ko a POS, alat ya shigo cewa an cire kuɗi, hannu kuwa wayam. Na zaɓi guda bakwai, na taƙaita su saboda ƙarancin fili, na kuma cire sunayen mutane da na bankuna. Ga waɗanda ba su san ni ba, na yi shekaru ina aiki a reshen wani banki a Kano, kuma cikin ayyukana har da loda wa ATM kuɗi da ƙirga abin da ya rage a cikinsa. Da abin da na gani a can zan amsa, sai kuma ƙa'idojin Babban Bankin Najeriya, CBN.

TAMBAYA, daga wata malamar firamare a Gusau: Malam, ranar da aka yi albashi na je ATM ɗin wani banki da ba nawa ba, saboda layin namu ya kai bakin titi. Na danna naira 20,000, injin ya yi ta ƙara kamar yana ƙirgawa, sai ya turo mini katina ba kuɗi. Kafin in kai bakin get alat ya shigo an cire. Na shiga bankin mai injin suka ce ba ruwansu, in tafi bankina. A bankina wani ma'aikaci ya ce in je gida, kuɗin zai dawo da kansa. Yau kwana tara ke nan shiru. Wa zan riƙe?

AMSA: Malama, bankinki za ki riƙe, wato wanda ya ba ki katin kuma asusunki yake wurinsa. Masu injin ba su kyauta ba da suka sallame ki da "ba ruwanmu", don kuwa da ruwansu, mai yiwuwa ma kuɗin a hannunsu yake. Sai dai a tsarin aiki ba za su iya ƙirgo miki shi hannu da hannu ba, tunda ba ki da asusu da su. Bankinki ne zai shigar musu da buƙata a madadinki, su bincika, su biya shi, shi kuma ya zuba miki. Wanda ya fi ɓata mini rai a labarinki shi ne ma'aikacin bankinki. A ranar farko maganarsa tana da hujja, don galibi kuɗin kan dawo da kansa. Bayan kwana biyu kuwa, aikinsa shi ne ya miƙo miki fom, ba ya nuna miki hanyar gida ba.

Ga yadda abin yake faruwa. Da kin danna adadi, injin ba ya taɓa kuɗi sai ya aika tambaya zuwa bankinki ta hannun kamfanonin da ke haɗa bankuna, irin su Interswitch: shin mai wannan kati tana da naira 20,000? Bankinki sai ya cire kuɗin tukuna, sannan ya amsa cewa a ba ta. Shi ya sa alat kan riga kuɗi zuwa. Daga nan ne injin zai fara zaro takardu ɗaya bayan ɗaya daga akwatunan da ke cikinsa, kuma a 'yan daƙiƙun nan abubuwa da yawa kan faru. A ɗauke wuta batiri ya kasa riƙewa, ko netwok ya yanke, ko takardu biyu su manne da juna, ko ɗaya ta naɗe ta toshe hanya. In injin ya ga ƙirgen bai yi daidai ba, ba ya miƙo kuɗin, sai ya watsa su cikin wani ƙaramin akwati da aka tanada don takardun da ya ƙi. Ƙarar da kika ji ke nan. Bayan haka ya kamata ya aika saƙo na biyu zuwa bankinki cewa bai biya ba, a mayar mata. Idan saƙon ya isa, cikin mintoci sai ki ga alat na dawowa. Idan netwok ɗin da ya jawo matsalar ya haɗiye saƙon, to kuɗinki ya tsaya a tsakiya, sai mutum ya sa hannu.

A reshenmu, da safe kafin a buɗe wa jama'a ƙofa, mu biyu muke zuwa bayan injin, ɗaya da makulli, ɗaya da lambobin buɗe sef, don ba a yarda mutum ɗaya ya buɗe shi kaɗai ba. Mu zaro akwatin 'yan dubu-dubu da na 'yan ɗari biyar-biyar, sannan mu zaro ƙaramin akwatin nan. A cikinsa za ki tarar da takardun da suka sha hannu har suka yi laushi, wata an liƙa ta da salatif, wata ta sha mai a kasuwa, wasu sun cukurkuɗe. Lokacin hunturu abin ya fi yawa, saboda ƙura tana hawa tayoyin roba masu jan takardar. Mu miƙe su, mu zuba a na'urar ƙirge, mu gwada jimillar da abin da injin ya ce ya rage. In injin ya ce saura miliyan biyu, mu kuwa muka ƙirga miliyan biyu da dubu ashirin, mun san akwai mai dubu ashirin a wani wuri yana jiran haƙƙinsa. Rarar nan ba ta shiga aljihun kowa, akwai asusu na musamman da ake ajiye ta. Injin kuma yana da kundinsa a cikin kwamfuta, inda yake rubuta kowane kati da ya shiga, da ƙarfe nawa, da adadin da aka nema, da ko ya miƙo kuɗin, da ko an ɗauka. Da wannan kundi ake gane mai rarar. A ƙa'ida bankin mai injin ya kamata ya mayar ko ba a tambaye shi ba. A aikace kuwa, reshen da mutum biyu ke yin aikin mutum biyar, takardar da aka shigar aka ba ta lamba ita ake fara dubawa, sauran su jira.

Game da wa'adi, tun ranar 8 ga watan Yunin 2020 CBN ya rage kwanakin da bankuna ke ɗauka. In a injin bankinki abin ya faru, nan take za a mayar, idan kuma na'ura ta gaza, ma'aikata su mayar da hannu cikin awa 24. In a injin wani banki ne, kamar naki, awa 48 ne, maimakon kwana uku zuwa biyar da ake ɗauka a da. Ko da sun ce ba sa lissafa Asabar da Lahadi, kwana tara ya wuce iyaka nesa ba kusa ba.

Kafin ki fita daga gida, ki duba ragowar kuɗin asusunki tukuna, don wani lokaci akan mayar ba tare da alat ya zo ba. In bai shigo ba, ki tafi teburin masu kula da abokan hulɗa ki ce kina son fom ɗin ƙorafin ATM. Za su tambaye ki ranar da abin ya faru, da lokacin, da sunan bankin mai injin da unguwar da yake, da adadin kuɗin, da lambobi shida na farko da huɗu na ƙarshe na katinki. Kada ki goge alat ɗin nan, wasu daga cikin bayanan suna ciki. Da kin cike, ki ɗauki hoton fom ɗin da wayarki, sannan ki ce a ba ki lambar ƙorafi. Kada ki tashi daga kujerar sai an ba ki, ko a rubuce ko ta saƙon waya. Haƙƙinki ce, CBN ya wajabta musu bayar da ita, kuma ita ce shaidar cewa maganarki ta shiga kwamfuta, ba a kunnen ma'aikaci kawai ta tsaya ba. In bankinki yana da manhajar waya mai wurin shigar da ƙorafi, a can ma kina iya yi ki samu lambar, ki huta da layi.

TAMBAYA, daga wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau: Na aiki yaron shagona da katina ya ciro mini naira 40,000 a ATM ɗin bankina. Ya dawo da 27,000, ya rantse iya abin da injin ya ba shi ke nan. Alat kuwa 40,000 ya nuna. Na cike fom, bayan mako guda banki ya ce sun duba, injin ya biya cif. Yaron nan ya daɗe tare da ni, ban taɓa kama shi da cin amana ba. Ina mafita?

AMSA: Alhaji, taka ta fi ta Malama wuya, kuma gara in faɗa maka gaskiya tun daga farko. Injin ya ba da rabi ya riƙe rabi abu ne da ke faruwa, na sha ganinsa, musamman in akwati ɗaya ya ƙare ko ya maƙale ana tsakiyar biya. To amma a irin wannan, kundin injin wani lokaci yakan rubuta cewa ya biya, alhali wasu takardun sun tsaya a maƙogwaronsa. Ma'aikacin da ya duba kundin kawai, ya ga an rubuta an biya, sai ya rufe ƙorafin. Abin da zai raba gardama shi ne ƙirgen kuɗin da aka yi a injin bayan wannan rana. In an samu rarar naira 13,000, magana ta ƙare.

Saboda haka ka rubuta wa manajan reshen takarda, ka kawo lambar ƙorafinka na farko, ka ce ba ka gamsu ba, kana neman a sake dubawa ta hanya uku: kundin injin na daidai lokacin, da sakamakon ƙirgen kuɗin injin, da hoton kyamara. CBN ya wajabta wa kowane ATM kyamarar da ke ɗaukar wanda ya tsaya a gabansa. Ka yi wannan a makon nan, don da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: ba a ajiye hoton kyamara har abada, in ma'ajiyar ta cika sabo kan hau kan tsoho. Ka yi kwafi biyu, su buga wa ɗaya hatimin karɓa su ba ka.

Akwai inda za su kama ka, ka shirya masa. Kyamara yaronka za ta nuna, ba kai ba, kuma cikin takardun da ka sa wa hannu ranar karɓar kati akwai sharaɗin cewa ba za ka ba kowa lambar sirrinka ba. Wannan ba ya halatta musu riƙe rarar da suka gani a injinsu, amma in ba a ga rara ba, ba ka da ƙafar tsayawa. Na san halin kasuwa, mai shago ba zai bar ciniki ya je bin layi ba. Hanyar da ta fi ita ce ka tura wa yaron kuɗin a asusunsa, ya ciro da katinsa. In matsala ta faru shi ne mai ƙorafi, kuma ba wanda zai ce an karya sharaɗi. Shi kuma yaron, kada ka sauya masa fuska kafin sakamako ya fito. Zato zunubi ne, kuma na ga yaran da aka kora a kan irin wannan, daga baya kuɗin ya dawo asusun maigida.

Ga sauran masu karatu: ku ƙirga kuɗinku a gaban injin kafin ku juya baya, yadda kyamara za ta ga hannunku. Masu layi za su yi ƙorafi, ku ba su haƙuri ku ƙirga.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya: Na je wurin mai POS zan ciri naira 15,000. Na'urarsa ta nuna bai yi ba, ya sake gwadawa, nan ma ta ƙi. Sai ga alat biyu, an cire mini 30,000. Ya ce shi bai ga komai ba. Mun yi cacar baki har mutane suka taru, abokaina suna cewa in kai shi wurin 'yan sanda. In kai shi?

AMSA: Ƙanena, kada ka kai shi. In na'urar ta nuna cinikin bai yi ba, kuɗinka bai shiga wurinsa ba, yana maƙale tsakanin bankinka da kamfanin da ya ba shi na'urar. Idan ka tilasta masa ya ba ka daga jarinsa, gobe bankinka ya mayar maka, ka ci biyu shi ya tashi a tutar babu. Yawancin yaran nan da ke zaune ƙarƙashin lema ba ma su ne masu jarin ba, da yamma sai sun yi wa mai shi lissafi. Ofishin 'yan sanda kuma ba shi da hanyar leƙa asusun banki nan take, sai dai ku ɓata yini, ku kashe abin da ya kusa kuɗin da ake rigima a kai.

Abin da kake buƙata daga wurinsa shi ne rasit ɗin ƙin biyan guda biyu. Ka koma cikin mutunci ka roƙe shi ya sake bugo maka su daga tarihin na'urar, in kuma ba takarda a ciki ka ɗauki hoton fuskar na'urar. A jikin kowane rasit akwai lamba mai alƙaluma 12 da aka rubuta RRN a gabanta, da lambar na'urar, da lokaci. Da su bankinka zai bi sawun kuɗin. Ka shigar da ƙorafi biyu daban-daban, don ciniki biyu ne, in ka haɗa su a fom ɗaya akan mayar da ɗaya a manta ɗaya. Wa'adin da CBN ya sa wa POS da sayayya ta intanet awa 72 ne.

In da rasit ɗin ya nuna an amince, to da maganar ta sauya, wajibi ne ya ba ka kuɗinka nan take, ko da ya ce bai ga alat ba. Don haka rasit ake dubawa, ba fuskar mai POS ba. Sannan nan gaba, in ta ƙi sau ɗaya, ka dakata ka duba asusunka kafin ka yarda a sake saka katin. Ranar da netwok ba shi da kyau, musamman ƙarshen wata da jajibirin salla, kowane gwaji na iya tafiya da kuɗi.

TAMBAYA, daga wata uwargida a Bauchi: ATM ya riƙe mini naira 10,000, sai 'yata ta rubuta ƙorafi a ƙarƙashin shafin bankin a Facebook, ta sa lambar wayata. Ba a jima ba wani ya kira ni, yana Hausa tiryan-tiryan, ya ce daga hedikwata yake, zai mayar mini yanzu, in karanto masa lambobin katina da wata lamba da za ta shigo wayata. Jikina bai ba ni ba, na ce sai maigida ya dawo. Na yi kuskure?

AMSA: Hajiya, Allah ne ya tsare ki. Ɓarawo ne. Suna zaune ne suna bin shafukan bankuna, duk wanda ya yi kuka a fili su bi shi, wasu ma har shafi suke buɗewa da tambarin bankin. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar komai daga wurinki na sirri, tunda zubawa za a yi, kuma bankinki ya riga ya san lambar asusunki. Lambar da ya ce za ta shigo wayarki ita ce makullin da zai kwashe abin da ya rage. Ba ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi lambar sirrin kati, ko lambobi ukun da ke bayansa, ko cikakkun lambobin gabansa, ko lambar da aka turo ta saƙo. In ya sake kira kada ki tsaya musu da shi, ki kashe. 'Yarki ta goge lambar wayar daga shafin yau ɗin nan. In kuma akwai wani abu da kika riga kika karanto masa, ko kaɗan ne, a toshe katin yanzu ta lambar da bankinki ya tanada ko ta manhajarsa, gobe ki je a ba ki sabo. Batun dubu gomarki kuwa, ki bi hanyar da na faɗa wa Malama ta Gusau.

TAMBAYA, daga wani dattijo ɗan fansho a wani ƙauye kusa da Potiskum, jikansa ya rubuto masa: Yau kusan wata biyu ATM ya cire mini naira 20,000 daga kuɗin fansho bai ba ni ba. Na cike fom. Duk zuwan da na yi sai a ce ana kan aiki, in dawo mako mai zuwa. Kuɗin motar da na kashe ya kusa rabin kuɗin. 'Ya'yana sun ce in haƙura in bar wa Allah. Akwai wani wurin da ake kai ƙara?

AMSA: Baba, akwai, kuma ina roƙonka kada ka bari. Wasiƙarka ita ta fi tsaya mini a rai, domin irinku ne aka fi yi wa haka. Mai babban asusu in ya ɗaga waya, manaja da kansa yake bin maganar. Dattijon da ya zo daga ƙauye, ya zauna shiru a benci da hularsa a hannu, shi ake ce wa ya dawo mako mai zuwa, don an san ba zai ɗaga murya ba. Haƙuri maganin zaman duniya ne, gaskiya ne, amma neman haƙƙinka bai saɓa wa haƙuri ba, kuma barinsa ba sadaka ba ce, tunda ba wani mabuƙaci zai amfana da shi ba. Kuɗin da ka yi wa aiki shekara da shekaru ne.

Ka daina zirga-zirga haka nan. Jikanka ya zauna ya rubuta takarda zuwa ga sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, wanda aka kafa a 2012 saboda irin wannan. Ƙa'idarsu ita ce sai ka fara kai kuka bankinka, ka ba shi mako biyu, in bai warware ba sannan ka zo musu. Kai ka wuce wannan tuni. A cikin takardar a sa sunanka da adireshi da lambar waya, da sunan bankin da reshen, da lambar asusu, da ranar da abin ya faru da inda injin yake, da adadin kuɗin, da ranar da ka cike fom. A haɗa da hoton alat ɗin, da lambar ƙorafi ko kwafin fom ɗin. Kada a rubuta lambar sirrin kati, ko CBN ba ya buƙatarta. Ana turawa ta imel a cpd@cbn.gov.ng, ko a kai takardar hannu da hannu reshen CBN mafi kusa, su za su isar da ita Abuja. Ba a biyan ko kwabo, kuma ba sai da lauya ba. Duk wanda ya ce ka kawo wani abu zai shige maka gaba, ka rabu da shi.

In ya kasance ba a ba ka lambar ƙorafi ba tun farko, wanda nake zargin haka aka yi, to zuwa ɗaya ya rage maka. Ku je tare da jikanka, ku wuce teburin da aka saba sallamarka, ku ce manajan reshe ko shugaban sashen ayyuka kuke son gani. Ku miƙa takarda mai kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan naku. A ƙasan takardar a rubuta cewa an aika kwafi zuwa CBN, kuma a aika ɗin da gaske. Na ga yadda irin wannan takarda ke motsa reshe. Ƙorafin da ya sauko daga CBN ta hedikwata yakan zo da wa'adi, kuma sai wani ya yi bayanin dalilin da ya sa aka bar shi ya kwana biyu. Sau da yawa abin da ya yi wata biyu ana cewa ana kan aiki, a yini ɗaya ake gama shi, don dama ba wanda ya buɗe fayil ɗin. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, FCCPC, ita ma tana karɓar ƙorafi a kan bankuna, amma ka fara da CBN, shi ne mai ba su lasisi.

TAMBAYA, daga wani mai ɗinki a Tudun Wada, Kaduna: Na zo ATM da dare ba kowa, kafin in sa katina sai na ga kuɗi a bakin injin, naira 10,000. Na ɗauka na ajiye, ban taɓa ba. Tsintuwa ce ko yaya?

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da ka ajiye. Mai kuɗin nan ba ɓoyayye ba ne, banki na iya gano shi cikin minti biyar. Wani ne ya gaji da jira, ya ɗauka injin ya ƙi, ya tafi, kuɗin suka fito bayansa. Shi ne zai fi kowa shan wahala, don kundin injin zai nuna an biya an ɗauka, ƙirge kuma ba zai nuna rara ba, sai a ce masa ƙarya yake. Ka kai reshen da ke da injin, ka faɗa musu ranar da lokacin, ka miƙa wa manaja ko shugaban sashen ayyuka, ba maigadi ba, kuma a ba ka shaidar karɓa a rubuce. Wannan shaida kariya ce gare ka, don kyamara ta riga ta ɗauke ka. Haka nan wanda aka mayar wa kuɗi sau biyu, ko injin ya ba shi kuɗi sannan aka sake mayar masa, ya sanar da banki, don duk ranar da suka daidaita lissafi za su cire, ko da kuɗin cefane ne ya rage a ciki. Masu cirar kuɗi kuma, in injin ya yi ƙara bai bayar ba, ku tsaya har fuskarsa ta koma inda take cewa a saka kati, sannan ku matsa.

TAMBAYA, daga wata mai sayar da kayan miya a Birnin Kebbi: An mayar mini da kuɗina, amma ban ga naira 100 da aka caje ni ba. Ya kamata in yi magana a kan ɗari ɗaya?

AMSA: Ya kamata, Hajiya. Tun ranar 1 ga watan Maris na 2025, wanda ya ciri kuɗi a injin bankin da ba nasa ba ana cajinsa naira 100 a kan kowace 20,000, kuma an soke cirewa uku na kyauta da ake yi a wata. In injin ba a harabar banki yake ba, kamar na cikin manyan kantuna, ana iya ƙara har naira 500. Cajin ladan aiki ne, aikin kuwa ba a yi ba, don haka tare da uwar kuɗin ya kamata ya dawo. Wani lokaci yakan shigo daban ba tare da alat ba, saboda haka ki duba bayanan asusunki na wannan mako tukuna. In babu, ba sai kin hau mota ba: ki kira lambar bankin da ke bayan katinki ko ki shigar ta manhaja, ki ba su ranar da aka cire da ranar da aka mayar, ki karɓi lambar ƙorafi.